Kwanon da Ke Bakin Labule

Duk wanda ya taɓa fita teku da barba Dujam ya san kwanon nan. Na roba ne, shuɗi, irin wanda matan garin Split ke wanke ganye a ciki, bakinsa ya ɗan tsage ta gefe guda. A bakin labulen ledar ɗakin aikinsa yake ajiye shi, ɗaure da igiya kada tangaɗin jirgi ya kifar da shi, kuma ba mahaluƙin da zai ɗaga labulen nan bai zube duk ƙarfen da ke jikinsa a ciki ba. Zobe, agogo, 'yan kunne, makulli, har ɗan abin kama gashi. Farfesa Tullio ma, shugaban tafiyar gaba ɗaya, mutumin da ba a katse masa magana, sai da ya tsaya yana murza zoben aurensa da sabulu, Dujam na kansa, hannu a ƙugu.

"Shekara ashirin da shida ban cire shi ba, Dujam."

"To yau yatsan ya sha iska, Farfesa. Uwargida tana can gida a Trieste, ni ne a nan."

A wajenmu duk dattijon da ya tsufa a kan ruwa barba ake ce masa, amma a jirgin nan in aka ce barba kawai, an san wa ake nufi. Kuma ba rigimar tsufa ce ta sa shi wannan tsanani ba. Tekun da suke kai, can ƙurewar kudu inda duwatsun ƙanƙara ke yawo, ruwa ne da ya ƙoshi da duk abincin da tsiro ke so, sai abu ɗaya tak: ƙarfe. Miya ce da aka zuba komai aka manta gishiri. Shi ya sa 'yar gansakukar nan ta teku, wadda ido ba ya gani sai da madubin bincike, take zaune a takure. In ta sami ƙarfe ko da na shafawa a bakin allura ne, sai ta barke. Mako uku da suka wuce jirgin ya zagaya yana zuba narkakken ƙarfe a wani fili na ruwa, filin ya koma kore shar, tun daga ranar suke bin sa kamar makiyayi da garkensa.

Tambayar da ta kawo mutum arba'in wannan uwa duniya ita ce: gansakukar tana zuƙe iskar kabon daga sama, to daga nan ina kabon ɗin yake zuwa? In ta mutu ta nutse da shi ƙasan teku, ya kwanta ke nan shekaru ɗaruruwa. In kuwa ƙananan halittu suka cinye ta tun tana sama, bakteriya suka lashe ragowar, to numfashi ɗaya za su mayar da shi inda ya fito, an yi aikin baban giwa. Sanin wa ke cin wa a cikin wannan ruwa shi ne aikin Dokta Nives, kuma ba ta da hanyar saninsa sai da kwalaben Dujam. Shida ta sa musu ƙarfe, shida ta bar su haka nan da ruwan da aka ɗebo daga can wajen filin, inda ƙarfen bai kai ba, don a gwada a ga bambanci. Waɗannan shida na biyu su ne shaidu. Duk darajarsu ita ce babu komai a cikinsu, kuma shekara talatin da ɗaya Dujam ya yi yana tabbatar da cewa babu komai ɗin.

Shekararsa sittin da bakwai. Bisa ƙa'ida tun shekara biyu da suka wuce ya kamata a ce yana zaune a bakin gaɓa yana wasan karta da tsofaffi. Nives ce kowace tafiya take rubuta takarda ta sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau, kuma ba wanda ya iya aikinsa. Tun tana ɗaliba mai amai a bokiti a fitarta ta farko shi ya koya mata wanke kwalba: kwana bakwai a sabulu, wata guda a ruwan asid, ɗauraya bakwai, leda biyu. Ba ta taɓa tambayarsa dalilin da ya sa yake naci a kan fita ba. Ta sani.

Vinka, matarsa, ta rasu shekara uku ke nan. Ɗansu yana Kanada, yana kira ranar Kirsimeti da ranar haihuwa, ya tambayi yanayin gari. Gidan yana hawa na huɗu, kuma a cikinsa Dujam ya gano cewa mutum yana iya yin kwana huɗu bai buɗe baki ba sai don shan kofi. Ba wai a jirgi yana da abokan hira ba ne. Yawancin masu binciken yara ne da ke yi masa murmushi su wuce, shi kuma wuni yake bayan labule shi kaɗai, da farar riga da safar hannu, injin tace iska na huci a kansa. Kaɗaici ne nan ma. Sai dai kaɗaicin jirgi akwai mai jiran abin da zai fito daga cikinsa, na gida kuwa babu.

Idonsa ne ya fara cin amanarsa. Bara ya lura ƙananan layukan jikin bututun awo sun fara haɗewa. Bai je wajen likita ba, don a Split in ka shiga shagon tabarau da safe, kafin azahar maƙwabcinka ya san lambar gilashinka, kuma daga maƙwabci zuwa ofis ba nisa. Wata rana yana neman almakashi a aljihun teburin ɗinkin Vinka sai ya ci karo da tabarau ɗinta na karatu, mai siririn firam na ƙarfe, iskar teku ta ɗan ci gaɓoɓinsa. Ya ɗora a hanci don wasa. Layukan tafin hannunsa suka fito raɗau. Ya daɗe zaune a bakin gado da shi a fuska.

Shi ke nan. Mutumin da ya taɓa sa wani Bajamushe ya farke zif ɗin rigarsa da reza, shi ne yake shiga bayan labule da ƙarfe mai tsatsa a aljihun ƙirji, ya waiga, ya fito da shi ya saka. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Yana gaya wa kansa ai a fuska yake, ba ya taɓa ruwa.

Ranar da aka ɗebo ruwan shaidu, ya cika babbar jarka, ya sunkuya a bakinta yana duba ko ta kai layi. Jirgi ya yi wata girgiza. Da ya ɗago sai ya ji hannun tabarau na hagu ya saki, yana lilo a kunnensa. 'Yar ƙusar da ke riƙe da shi, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, ta fita. Ya duƙa ya shafa ƙasa da tafin hannu, ya duba aljihu, ya kakkaɓe riga. Babu. Ya ce wa ransa tun a ɗakin kwana ta faɗi, zaren tsatsa ne kawai ya riƙe hannun zuwa yanzu. Ya ɗaure wurin da zaren roba, ya bar jarkar ta huce awa uku kamar yadda aka saba, sannan ya rarraba ruwan a kwalabe shida. Ragowar ya rufe ya tura ƙarƙashin tebur.

A kwana na shida, da hantsi, Nives ta leƙo ɗakin cin abinci tana haki, hularta a karkace.

"Barba, bar kofin nan ka zo. Zo ka ga abin da ban taɓa gani ba."

Ya bi ta zuwa saman jirgi inda kwalaben ke jere cikin akwatin ruwa mai sanyi. Ta ɗaga ɗaya daga cikin shaidun ta saita ta da farin sararin sama. Ko da idonsa ba sai an gaya masa ba. Ruwan da ya kamata ya zama garau ya ɗauki wani kore-kore, kamar an ɗauraye ganyen alayyafo a ciki.

"Duka shidan," in ji ta. "Ba ƙarfe, ba komai, amma sun tashi. Ka san abin da wannan ke nufi? Na tace manyan masu cin gansakukar kafin mu rufe kwalaben. Ashe ba yunwar ƙarfe ce kaɗai ta danne ta a nan ba, cinye ta ake yi tun ba ta miƙe ba! Shekara huɗu ina faɗa a taro ana kallona kamar mai tallar maganin gargajiya."

"Ba ki tunanin wani abu ya shiga?" in ji shi.

Ta yi dariya, ta dafa kafaɗarsa. "Da kwalba ɗaya ce, sai in ce. Da wani ne ya wanke su, sai in ce. Amma shida, kuma daga hannunka? Barba, in Farfesa ya tambaya, amsata kalma biyu ce: kwalaben Dujam. Gobe a taron rana zan faɗa, jibi in aika gida."

Ta mayar da kwalbar a hankali kamar mai kwantar da jariri. Shi kuwa yana tsaye, sanyi na shiga ta wuyan rigarsa, abu ɗaya ke yawo a kansa: ruwa ba ya tsami banza.

Ya sauka kicin. Frane, kukun jirgin, mutumin tsibirin Vis ne, shi da Dujam kaɗai ne tsofaffin gida a cikin jirgin, kuma gaisuwarsu ba ta wuce tsiya. Yana tsaye yana dukan busasshen kifi da guduma.

"A'a, sarkin tsabta da kansa! Ka wanke ƙafa kafin ka shigo mini?"

"Ara mini abin nan na jikin firij ɗinka."

"Maganaɗisun? Kai da ƙarfe? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara." Frane ya ɓamɓaro shi, wani ɗan jaki ne na roba da jikarsa ta ba shi, ya miƙa. Sai ya tsaya ya dube shi da kyau. "Kai, tsoho, lafiya? Fuskarka kamar kifin jiya."

"Tangaɗi ne."

"Tangaɗi a gidan uban wa? Kai da aka haifa a kwalekwale. Ka dawo mini da jakina, ka ji, shi kaɗai ke saurarena a jirgin nan."

Dujam ya ɗaga labule ya shiga, bai ko kalli kwanon ba. Ya jawo jarkar daga ƙarƙashin tebur, ya durƙusa, ya manna ɗan jakin a gindinta ta waje, ya shiga zagayawa da shi sannu a hankali. Zagaye na farko shiru. A na biyu, wajen kusurwa, ya ji wani ɗan ƙas. Ya ja maganaɗisun sama a jikin robar, wani ɗigo baƙi ya biyo shi ta ciki, yana hawa, yana hawa, har bakin jarka. Ya sa yatsa ya ɗauko. Ta yi ja da tsatsa, ta bar masa tabo a farar safar hannu.

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar tebur. Abin da ya fara zuwa masa ba kunya ba ce, kuma wannan ya fi ba shi tsoro daga baya. Lissafi ne ya zo. Ba wanda ya gani. Awon ƙarfen da ke cikin kwalaben sai an koma gida, sai bayan wata biyar ko shida. Ranar da sakamako ya fito za a ce ƙarfe ya shiga, amma ta ina? Ta bututu, ta iska, ta hannun Nives ranar da take tacewa. Ba mai cewa Dujam. Kafin nan an riga an rubuta sunayen tafiyar baɗi. Taku goma ne daga nan zuwa bakin jirgi, kuma tekun nan ya haɗiye abin da ya fi ƙusa.

Ya fita da ita a dunƙule cikin hannu. Jirgin na tsakiyar filin, ruwan kore ne har inda ido ya tsaya, yana wani ƙarni kamar ciyawar da aka yanka. Manyan tsuntsayen nan masu dogon fiffike na bin bayan jirgi ba sa ko kaɗa shi. Ya tuna abin da Nives ta taɓa gaya masa suna cin kifin gishiri: a cikin duk wannan koren, ɗan kaɗan ne ke kaiwa ƙasa. Sauran a nan sama ake cinye shi, wannan ya ci wancan, wancan ya ci na ƙasa da shi, kowa ya numfasa, shi ke nan. Wanda ya kuɓuta kuwa shi kaɗai yake tafiya, kwana da kwanaki cikin duhu, ya je ya kwanta inda ba mai taɓa shi. A lokacin ya ce mata to ai wannan ba kuɓuta ba ce. Ta yi dariya ta ce shi ne dai ake nema.

Gobe da asuba jirgin zai fita daga cikin filin karo na ƙarshe. In za a sake ɗebo ruwan shaidu, goben ce kawai, daga nan sai kwana bakwai a juya gida. In ya yi shiru yau, gobe da rana Nives za ta tsaya gaban mutum arba'in ta ce kwalaben Dujam. Bayan wata shida kuma ta tsaya gaban waɗanda suka fi su yawa ta janye, kuma waɗanda suka yi mata kallon mai tallar magani su ce da ma mun faɗa. In ya yi magana, ya san abin da ke jiransa: hawa huɗu, da kofi, da rediyo.

Ya buɗe hannu a kan ruwa. Iska ta kusa yi masa aikin. Ya yi sauri ya rufe, a nan ya gane ba zai iya ba. Ba don shi waliyyi ba ne. Yarinyar nan ce kaɗai ta rage a duniya da ke faɗin sunansa a matsayin hujja.

Ya same ta a ɗakin gwaji, ido a madubi, tana danna abin ƙirga da babban yatsa tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ya ajiye ƙusar a kan farar takarda kusa da hannunta. Sannan ya ciro tabarau daga aljihu, da zaren robarsa, ya ajiye a gefe.

Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Nives ba ta da jinkirin fahimta.

"A ina?"

"A jarkar shaidu. Tun ranar farko."

"Awa nawa?"

"Uku kafin in rarraba."

Ta ajiye abin ƙirgar. Ta cire hula, ta shafa kanta da hannu biyu, ta daɗe tana kallon bango. Da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi.

"Tun yaushe ba ka gani, barba?"

"Ina gani. Ƙananan layuka ne kawai."

"Tun yaushe?"

"Bara."

"Bara." Ta gyaɗa kai. "Na sa hannu a watan tara. Na rubuta da hannuna cewa na tabbatar." Ta ɗauki tabarau ɗin ta juya shi a hannu. "Na roba zalla suna nan a kowane kanti a bakin kasuwa, ko ƙusa ɗaya babu a jikinsu. Rabin masu irin aikinka a duniya da su suke aiki. Da ka ce mini, ni da kaina zan saya maka, ba mai ji. Me ya sa wannan?"

Ya so ya ce tsoro, ya so ya ce maƙwabta. Abin da ya fito daga bakinsa daban.

"Na Vinka ne."

Ta rufe ido. Ta san Vinka, ta sha cin taliyarta ranar Lahadi tun tana ɗaliba ba ta da ko sisi. Da ta buɗe idon ya cika da ƙwalla, amma ba ta bar ta ta zubo ba.

"Shekara huɗu," ta ce a hankali, ba da shi take ba. "Yau da safe na ɗauka na kama shi." Ta miƙe ta mayar da hularta. "Akwai sauran kwalabe masu tsabta?"

"Takwas, cikin leda biyu, ban taɓa su ba. Da jarka ɗaya."

"Zan je wajen Farfesa. Dole in faɗa masa yadda aka yi, kuma dole ya shiga rahoto. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

"Na sani, 'yata."

"Kada ka ce mini 'yata yanzu, barba, don Allah. Bari sai anjima."

Washegari aka ɗebo sabon ruwa. Dujam ya riga kowa zuwa bakin labule, ya sa farar rigarsa. Ya tsaya. Ya ciro tabarau, ya sunkuya ya ajiye shi a cikin kwanon, karo na farko da wani abu nasa ya shiga ciki. Sai kuma ya ga inda ya tsaya: da tabarau ba shi da izinin shiga, ba tabarau ba shi da amfani a ciki. Ba wanda ya hana shi. Dokarsa ce, shi ya kafa ta. Ya cire rigar ya rataye, ya kifa bokiti a gefen kwanon ya zauna.

Nives ta zo, ta gan shi. Ta cire 'yan kunnenta da agogo ta zuba kusa da tabarau, ta ɗaga labule. Ta cikin ledar yana hango inuwarta tana kai da kawo.

"Ɗauraya uku da ruwan kansa kafin ki cika," ya ce.

"Na sani."

"Kada murfin ya taɓa tebur."

"Barba, kai ka koya mini."

Masu wucewa ta lungun suna rage murya in sun zo kusa da shi, labari ya riga ya zaga, jirgi ba ya riƙe sirri. Wajen ƙarfe sha ɗaya Frane ya zo da kofi a kofin roba, ya miƙa masa, ya karɓi ɗan jakinsa ya juya shi a hannu.

"An ce jakina ya yi aikin kimiyya."

"Ya fi ni."

"To da ma." Frane ya ɗan tsaya, ya rasa tsiyar da zai ƙara, ya daki kafaɗarsa ya tafi. Wannan shirun na Frane ya fi komai yi masa ciwo a ranar.

Haka ya yi kwana bakwai a kan bokitin nan. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ce ya tashi. Yana gadin kwano, yana tsayar da yara yana nuna musu agogonsu, suna cirewa ba musu, har da wani ladabi da bai saba gani ba kuma bai so ba.

Ranar da jirgi ya juya arewa, koren ruwan ya fara komawa baya, Nives ta same shi a saman jirgi yana naɗe igiya. Kwalba na hannunta na dama. Da na hagu ta miƙa masa tabarau. Zaren robar ya tafi. Ta kankare ƙusar, ta mayar da ita mazauninta, ta ɗaure tsaf.

"Da ɗan hantsakin ɗakin gwaji na yi," ta ce. "Rabin awa ina fama. Saka."

Ya saka, a gaban kowa. Ta ɗaga kwalbar ta saita da sama. Garau take, kamar ba ruwa a ciki, har yana ganin zanen yatsunta ta ɗaya gefen.

"Duka shida haka?"

"Duka. Ƙarfen ne dai. Kwalabe masu ƙarfen sun tashi, kuma fiye da rabin abin da ya tashi an cinye shi kafin kwana biyar. Ba abin da na so ba ne, amma shi ne ke nan." Ta ɗan yi murmushi. "Kwana bakwai maimakon sha biyu. Zai isa a rubuta."

Ya karɓi kwalbar ya juya ta a hannu. Daɗi ya kama shi, na gaske, irin wanda ya saba ji duk ƙarshen tafiya in shaidu suka fito ba komai. Sai daga baya ya tuna ba shi ya cika ta ba.

Suka tsaya suna kallon ruwa. Ya so ya tambaye ta zancen baɗi. Ya shirya maganar tun kwana uku, har da 'yar dariyar da zai haɗa da ita, cewa zai sayi na roba guda biyu, ɗaya a hanci ɗaya a aljihu. Ya buɗe baki ke nan ta riga shi, idonta a kan tsuntsaye, ba ta dube shi ba.

"Barba, kwanon nan. In mun sauka, ka bar mini shi?"

Amsar zancen baɗi ke nan, ya gane. Ya cire tabarau, ya goge shi da gefen riga, ya ninke a hankali. Fuskarta ta koma dishi-dishi, hakan ya fi masa.

"Bakinsa ya tsage," ya ce. "Ki riƙa ɗaure shi ta ɗaya gefen."